Jitar Bahaguwa

Sallama gare ku, ’yan uwa masu leƙo wannan shafi. Ku gyara zama, don abin da zan faɗa muku yau ko ƙawata ta ƙut da ƙut ban taɓa faɗa mata ba. Wanda dariya ta kama shi ya yi abarsa, ni ma na sha yi wa kaina.

Ni bahaguwa ce. To, na faɗa, na huta.

Shekarata ashirin da shida, amma har gobe a gidanmu ƙasa-ƙasa ake faɗar kalmar nan, sai ka ce wata muguwar cuta. Ina ’yar shekara huɗu Goggo, yayar marigayi Babanmu, ta sa ɗankwali ta ɗaure min hannun hagu a ƙugu, Umma tana riƙe da ni a cinya, ana cusa min cokali a dama. Ci da dama ban ja ba, wannan tarbiyya ce kuma na gode. Amma fisabilillahi har da rubutu? Har da tsintsiya, da mataji, da almakashi? Rubutuna in kun gani sai kun tausaya wa malaman da suka duba min jarrabawa. Duk da haka in kofi ya suɓuce zai faɗi, kafin in yi tunani hagun nan ya riga ya cafe shi, Goggo kuma ta riga ta ce, “Kin gani ko? Hali dai!”

Umma ba mai yawan magana ba ce. Tela ce, a gida take ɗinki, kuma tana da wata ɗabi’a da muka saba da ita tun muna yara: in za ta yanka yadi sai ta kore mu daga ɗaki ta turo ƙofa, wai ido yana karkata mata almakashi. A kan maganar hannuna ba ta taɓa yi min faɗa ba, ba ta kuma taɓa tare min ba. In Goggo ta fara, sai Umma ta sunkuyar da kai ta ci gaba da taka kekenta.

Ina aiki a shagon kayan gwanjo na wata Hajiya. Firji, fanka, dutsen guga, injin markaɗe, tsofaffin talabijin, duk abin da ake jona wa wuta muna sayarwa. Wata biyar da suka wuce muna buɗe kwalaye, sai ga wata jita ja a kwance a tsakanin fankoki biyu, da ƙujewa a gefe, da wasu maɓallai uku masu murɗawa a cikinta. Hajiya ta ɗaga ta da yatsa biyu, ta ja tsirkiya ɗaya. Ƙin! Ko sauro ya fi ta murya.

“Wannan ta mutu,” in ji Hajiya. “Jefa ta sito, ’yata. In kina so ma ki ɗauka, ta rage min shirgi.”

Wallahi ban san me ya kai ni ba. Da aka tashi hutun rana na shiga sito na zauna a kan kwali, na jingina wayata da wani mataccen firji, na nemi bidiyon koyon jita. Na farkon da na samu samari ne, yatsunsu na gudu kamar ana bin su, suna girgiza kai suna lumshe ido. Ba koyarwa suke ba, burga suke. Har na kusa haƙura sai Allah ya haɗa ni da tsohuwar nan.

Kaka nake ce mata. Gashinta fari fat, a yanke gajere, tabarau na rataye a wuyanta da zare, tana zaune a kicin ɗinta, wata ƙatuwar kyanwa tana wucewa ta bayanta ba ruwanta da kowa. Yarenta rabi nake ji, amma hannunta ba ya buƙatar tafinta. A darasin farko ta zare wayar da ke jikin jitarta ta kaɗa, sai ga ƙin-ƙin irin na tawa sak. Ta mayar da wayar ta kaɗa, sauti ya cika min kunne. Na dafe ƙirji. Ashe jitata ba mutuwa ta yi ba, ta lantarki ce, lasifika take jira. Kuma ku duba ikon Allah: wannan rashin muryar shi ya yi min rana, don ko Hajiya da ke bayan ƙofa ba ta jin abin da nake yi.

Ina son matar nan, ba zan ɓoye muku ba. In ta yi kuskure ba ta yanke wurin, sai ta yi dariya ta daki goshinta ta ce a sake, a hankali. Yatsunta sun tsufa, gaɓoɓin sun kumbura, wani lokacin sai ta tsaya ta yarfe hannu kafin ta ci gaba. Ba ta taɓa cewa abin da sauƙi ba. Takan ɗago bakin yatsunta ta nuna wa kyamara kantar da ke jiki, kamar mai nuna zoben zinariya. Ni da na tashi a gidan da in ka yi kuskure sai an tara maka jama’a, ganin babbar mace tana kuskure tana dariya kaɗai ya isa ya sa in dawo gobe.

Sai dai ni fa na sha wuya. Abin da Kaka ta ce kwana uku zai ɗauke ka, ni sai in yi sati uku a kai. Tsirkiya mai kauri a jitarta sama take, tawa kuma a ƙasa. Na ce to, gwanjo ce, ƙila haka aka ƙera tawa. Don haka in ta danna mai kauri, sai in nemo mai kauri a wajena in danna, in ta danna siririya in nemo siririya, sannan in yi ta murɗa yatsuna har in samo yadda za su zauna. Maɓallan nan uku kuma kullum suna sukata a damtse, har wurin ya yi baƙi. Na sayi ɗan littafi ina zana wa kaina inda kowane yatsa zai sauka. Sau nawa na kifa kai a jikin firjin nan na ce, ke dai daƙiƙiya ce, yara ƙanana suna yi a bidiyo ke kin kasa. Amma gobe da rana sai ku same ni a kan kwalin.

To, a cikin wannan hali mutumin ya shigo.

Abokin Yayana ne. Goggo tana kiransa Injiniya, da ƙarfi, don maƙwabta su ji. Shi kuwa cewa yake shi mai gyara ne: lasifika, rediyo, kayan sautin da ake haya a ɗakunan taro, har kayan Hajiya shi ke duba mana. Ni a wayata Malam Shiru na sa masa, don in ya zo hira sai na ƙirga kalmominsa da yatsu. Amma ku zo ku ga mutumin nan yana aiki. Ba ya buɗe abu sai ya kunna shi ya kara kunne ya saurara tukuna. In ya kwance kusoshi sai ya shimfiɗa farin hankici ya jera su yadda suka fito, ya mayar da su yadda suka zo. Ban taɓa jin ya zagi wanda ya ɓata abu kafin a kawo masa ba. Ranar da na kama kaina ina kallon hannunsa har mai sayen fanka ya yi min magana sau uku, na san tawa ta same ni.

Wata uku yana zuwa zance wajena a gida, sai aka ce mahaifiyarsa za ta zo ganina ranar Asabar da ƙarfe huɗu. Goggo ta tattaro kayanta ta tare a gidanmu tun Litinin.

“Matar nan tsohuwar shugabar makaranta ce,” in ji ta, tana nuna ni da carbi. “Idonta ko allura ba ta wuce shi. Ki kuskura ki miƙa mata ko tsinke da hannun nan, kin ja mana. In ya kama ki zauna a kansa, ki zauna a kansa.”

“Goggo, ai dai za su sani wata rana.”

“Wata rana daban! In an shiga an shiga. Ke kam kina da bakin magana? Sa’o’inki ’ya’ya uku-uku.”

Na dubi Umma. Keke kawai ke tafiya, tar-tar-tar.

Ku fahimce ni, ba tsoron Goggo nake ba. Tsorona kar in rasa shi. Amma kuma in na tuna zan shiga gidan mutum da hannu a ɓoye, da jita a ɓoye, in ƙare rayuwata ina leƙen ƙofa kafin in ɗauki almakashi, sai in ji numfashina yana tsayawa.

Ranar Laraba da yamma ina wanke-wanke wayata ta yi ƙara.

Malam Shiru: Malama, ina da tambaya in ba damuwa.

Ni: Allah ya sa na sani.

Malam Shiru: Yatsunki huɗu na dama sun yi kanta a baki, farcensu a yanke ƙwal. Na hagu kuma farce zaƙo-zaƙo. Wane aiki ne ke yin haka?

Na tsaya da kumfa a hannu. Mutumin da ko ɗago kai ba ya yi in ya zo, yaushe ya ƙare min kallo haka?

Ni: Guga ce.

Malam Shiru: Da bakin yatsa ake guga yanzu?

Ni: Sabon yayi ne.

Malam Shiru: To Allah ya ba da sa’a.

Shi ke nan abin da ya ce. Da ma ya matsa min, da na ji daɗin yin fushi.

Washegari da rana, Hajiya ta fita cin abinci, ni ina sito a kan kwalina, iyafis a kunne, Kaka tana nuna wani sauyin yatsu da na kwana goma a kansa. Ban ji sallama ba, ban ji buɗe ƙofa ba. A gilashin wata matacciyar talabijin na hango mutum tsaye a bayana, rungume da rediyon da ya gyara wa Hajiya.

Innalillahi! Na miƙe zumbur, ɗan robar da nake kaɗa tsirkiya da shi ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin firji. Na rasa inda zan sa jitar, sai na rungume ta kamar za a ƙwace.

Ya ajiye rediyon a hankali. Ya durƙusa, ya sa sukundireba ya jawo ɗan robar, ya hure ƙurar, ya miƙo min.

“Wannan ce gugar?”

“Ka tafi kawai,” na ce. “In za ka fasa ka fasa, amma don Allah kar ka gaya wa Yaya.”

“Zauna ki yi in ji.”

“Ba ta da murya.”

“Ina da kunne.”

Na zauna. Na kaɗa masa ɗan kiɗan da Kaka ta fara koya mana, mai sauyi huɗu. Ya matso ya kara kunne kamar yadda yake yi wa rediyo. Da na gama ya ɗago kai. Ya dubi wayar da Kaka ke tsaye a ciki da hannu a sama, ya dube ni, ya sake duban wayar.

“Wa ya ce ki riƙe ta haka?”

“Ita mana. Ga wuyan jitarta ya nufi wajen ƙofa, nawa ma wajen ƙofa.”

“Kamar a madubi ke nan.”

“To da yaya?”

Ya ɗauki wayar ya kawo ta gefen kafaɗata, fuskar Kaka na kallon inda nake kallo. “Yanzu kuna zaune gefe da gefe. Leƙa ki gani. Da wane hannu take kaɗawa?”

Na leƙa. Da dama take kaɗawa. Ni da hagu.

“A juye kika riƙe ta,” ya ce. “Shi ya sa mai kaurin ta koma ƙasa. Maɓallan nan ma ƙasa ya kamata su kasance, ba a damtsenki ba.”

Jama’a, wata biyar! Wata biyar ina zagin wanda ya ƙera jita, ashe shi bawan Allah ba ruwansa. Ranar farko da na ɗauke ta hagun nan ne ya yi min shigar sauri, ya karɓi aikin ba tare da ya yi shawara da ni ba, kuma ya ji daɗinsa har ban yi zargin komai ba. Ban san lokacin da hawaye ya zubo ba. Ga kunya, ga takaici, ga mutumin da nake so tsaye a kaina.

“Ko a nan ma sai da ya ja min,” na ce. “Ni bahaguwa ce, ka ji. Goggo ta ce kar in bari ka sani. Yanzu ka sani. Komai na taɓa sai na yi shi a karkace.”

“Na sani tun ranar farko.”

Na ɗago.

“Kin buɗe min ƙofa da hagu, ba ki ko duba ba. Sannan kin miƙo min ruwa da dama, rabinsa a faranti.”

Ina kuka dariya ta ƙwace min. Shi kuwa ya ɗauki ɗan littafin zanena da ke kan firji yana buɗawa shafi-shafi, a nutse, kamar wanda aka ba takardar gado.

“Ke kika zana duk wannan?”

“Don ba na ganewa da wuri ne. Abin kwana uku sai in yi sati uku.”

“Malama, tsohuwar nan tana ba ki abu a miƙe, ke kina juya shi a kanki, ki ƙirƙiro wa yatsunki hanyarsu, sannan ki kaɗa. Kowane darasi sau biyu kika yi shi, ba malami. Ina jona wa makaɗa waya shekara tara. Na ga masu riƙe ta haka, ba su fi biyu ba, kuma in suna yi sauran tsayawa suke suna kallo.” Ya rufe littafin. “Ba rashin ganewa ba ne wannan.”

Tun da nake da shi bai taɓa jera magana mai tsawon haka ba. Kuma tun da aka haife ni ba wanda ya taɓa duban abin da hagun nan ya yi ya ce ya yi kyau. Wallahi a wurin na ƙara son sa, so irin wanda har tsoro yake ba ka.

“To yanzu in juya ta in faro daga farko?”

“In kina so. Ko in sauya miki jerin tsirkiyar, mai kauri ta koma sama. Ko a bar ta yadda yatsunki suka saba.” Ya ɗan yi murmushi. “Ni dai ba na kwance abin da ke aiki.”

“Mamanka fa?”

Ya mayar da littafin kan firji. “Ban gaya mata ba. Maganarki ce, ba tawa ba. Mama tana da tsauri, ba zan yi miki ƙarya in ce na san abin da za ta ce ba. Amma ni ba zan so ki shigo gidana kina ɓoye hannu ba.”

Ranar Juma’a Hajiya ta ce a kwashe komai daga sito za a yi fenti. Ina cikin tunanin inda zan kai jitata sai ga shi da wata ’yar baƙar lasifika, ba ta fi burodi girma ba, mai caji, shi ya haɗa ta da hannunsa, da babbar wayar jona jita, da wani ƙaton abin ji mai soso da ke rufe kunne ruf.

“Babban ramin na jita ne,” ya ce ƙasa-ƙasa, don Hajiya na kusa. “Ƙananan biyu ne. Wannan na kunne, in kin sa shi ke kaɗai za ki ji. Wannan kuma na jona wayar salula ne, ba ruwanki da shi. Kin gane?”

“Na gane.”

Ƙarya nake. Girarsa nake kallo.

Na naɗe jita da lasifika a cikin tsofaffin labulen Hajiya, na ce wa Goggo wanki aka ba ni, na tura su ƙarƙashin gado.

Asabar ta zo. Tun safe Goggo take sa ni atisayen tire: shiga, durƙusa, ajiye da dama, zuba da dama, tashi. Sau bakwai. Kofi biyu na kusa fasawa. Umma ta ɗinka min doguwar riga ruwan zuma mai ƙananan duwatsu a wuya, hannun dogo har wuyan hannu, da mayafi ruwan madara. Da tana gwada min ta ga baƙin da ke damtsena, ta shafa shi da babban yatsa, ta dube ni, ba ta tambaya ba. An goge falo har yana ɗaukar ido, an fito da kofunan da ba a taɓa sai baƙi, an jera lemo da biskit.

Ƙarfe uku da rabi ina ɗaki a shirye, na kasa zama wuri ɗaya. Saƙo ya shigo.

Malam Shiru: Ki yi numfashi.

Ni: Na manta yadda ake yi.

Na ce a raina, saura rabin awa. Minti biyar kawai, in ji abin nan da kunnena ko hankalina ya kwanta, ba wanda zai sani. Na turo ƙofa, na jawo labulen, na jona babbar waya a babban rami. Ƙananan ramuka biyu, girmansu ɗaya, suna kallona ina kallonsu. Na ce bismillah na cusa a ɗaya, na kifa soson a kunne a kan mayafi, na kunna.

Na kaɗa. Sai na ji sautin can nesa, a dushe, kamar daga gidan maƙwabta. Na ce ƙila haka yake sai an ƙara. Na murɗa maɓalli. Ya ɗan matso. Na ƙara murɗawa. Na kai shi ƙarshe.

Wayyo Allah, ’yan uwa. Ashe haka take da murya! Tsirkiya ɗaya na danna, sautin ya miƙe ya tsaya a iska bai faɗi ba, yana rawa a ƙarƙashin yatsana. Har a ƙirjina nake jin sa, har a katakon gado, na ce lallai mutumin nan ya iya haɗa abin kunne. Na rufe ido na shiga kiɗan Kaka mai sauyi huɗu. Kurakuraina ma duk suka fito fili, kowace ƙujewar yatsa, kowace tsirkiyar da na taɓa ba da niyya ba. A sauyi na uku na yi tuntuɓe, na ji kamar tsohuwar tana dukan goshi tana cewa a sake, a hankali. Na sake. Ya fita tas. Wata biyar ina raɗa a cikin sito, yau na ji abin da hannuna yake faɗa, kuma wallahi yana da daɗi.

Na buɗe ido ina murmushi.

Umma ce tsaye a bakin ƙofa. Goggo na bayanta, hannu biyu a ka, bakinta na motsi ba na jin komai. Na zare soson daga kunne, sai na ji ragowar sautin yana fita daga ’yar lasifikar, yana kaɗa gilashin taga. Ba a kunnena yake ba. Bai taɓa shiga kunnena ba. Gidan gaba ɗaya nake yi wa kiɗa.

“Sun zo!” Goggo ta ce cikin raɗa mai kama da ihu. “Tun ɗazu suna falo! Matar da ba ta taɓa makara ba! Kin kashe mu, kin binne mu! Kiɗa? Kuma da hagu? La’ilaha illallahu!”

Ɗan robar ya zame daga yatsuna, ya daki gefen gado ya yi sama.

Umma ta cafe shi a iska.

Da hagu.

Caraf, ba duba ba tunani, irin cafewar da na san ta a jikina tun ina yarinya. Muka tsaya muna kallon hannun nan mu uku. A bayan yatsunta akwai wasu tsofaffin tabo farare da na saba gani duk rayuwata, ban taɓa tambayar daga ina suka zo ba. Sai ƙofar ɗakin ɗinki ta faɗo min a rai, da almakashin da wai ido ke karkatarwa.

“Umma...”

“Ni da rula aka yi min,” ta ce a hankali. “Shekara talatin da ɗaya a gidan nan, ko Babanku bai taɓa ganin ina yanka ba. Ranar da aka ɗaure ki ni na riƙe ki, na ce gara ɗankwali da rula.” Ta dube ni. “Ban yafe wa kaina ba har yau.”

Goggo ta buɗe baki. Umma ta juya ta dube ta ido cikin ido, karo na farko a sanina.

“Yaya, ya isa.”

Ta kamo hannuna na hagu, ta buɗe shi, ta sa min ɗan robar a ciki ta rufe da nata. Ta gyara min mayafin da soso ya karkatar, ta share min ƙasan ido da bakin zanenta.

“Sun riga sun ji. Ɗauko abarki.”

“Umma, in ta ce ba ta so fa? Ina son sa, Umma.”

“Na sani. Ɗauko.”

Ta sunkuya ta ɗauki lasifikar da hagunta, ta wuce gaba, waya na haɗe da mu. Na bi ta rungume da jar jitata a juye. Takalman baƙi a jere a bakin falo, ƙafa uku, nasa a ƙarshe, a goge. Ta bayan labule na ji an ajiye kofi a kan faranti, sannan wata murya mai kauri, irin wadda ta saba tsayar da ɗalibai ɗari biyar da kalma ɗaya, ta ce:

“Wai wa ke wannan kiɗan a gidan nan?”

Umma ta ɗaga labulen gaba ɗaya, yadda kowa zai gan ni.

“’Yata ce,” ta ce. “Da hagu take yi. A wajena ta gado.”